Kwana Uku a Balensiya, Garin da Aya Take da Daraja

Tun jirgin ƙasa bai bar Madrid da nisa ba Malam ya ce akwai abin da zai ba ni in sha idan mun sauka, amma ba zai faɗa mini sunansa ba. Na yi juyin duniya ya ƙi. Wata bakwai ke nan yana can yana wani kwas na wajen aikinsu, ni ina Kaduna da yara, sai a watan Mayun 2025 Allah ya sa biza ta fito, na bar su hannun ƙanwata na bi shi na mako biyu. A cikin mako biyun ne muka tsakuri kwana uku, Laraba zuwa Asabar, muka nufi Balensiya, birni na uku a girma a Sifaniya, wanda ke zaune a bakin tekun Bahar Rum. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu ba mu taɓa fita mu biyu kaɗai ba, babu goyo, babu jakar kayan yara, kuma ba gaisuwar mutuwa ko biki ne ya fitar da mu ba.

Jirgin bai cika awa biyu a hanya ba. Akwai allo a saman ƙofa mai nuna gudunsa, na ga ya taɓa kilomita 300 a awa, ga shayina a gabana ko motsi bai yi ba. Muka ajiye kaya a masauki, muka yi azahar da la'asar, Malam ya ja ni cikin lungunan tsohon gari har wani daɗaɗɗen shago kusa da cocin Santa Catalina, bangonsa duk tayil mai zane. Ya yi magana da mai shagon da ɗan Sifaniyancin da ya tsinta, aka kawo mana dogayen kofuna biyu cike da wani farin abu mai sanyi, da wani siririn burodi mai sukari a kai.

Kurɓa ɗaya na yi na ajiye kofin na dube shi.

"Malam, ai wannan kunun aya ne."

"Shi ne, Hajiya. A nan sunansa horchata, ayar kuma chufa."

Sai na rasa abin faɗa. A Jibiya na tashi, kuma da kunun aya Inna ta ɗauki nauyin karatunmu bayan rasuwar Baba. Da daddare ake jiƙa ayar, da asuba mu kai niƙa, ta tace da farin ƙyalle, mu ɗura a robobi, a jera cikin kula da ƙanƙara idan an samu. Ni ce mai kaiwa bakin tasha kafin in wuce makaranta, kuma ba zan ɓoye ba, akwai shekarun da nake canja hanya don kada 'yan ajinmu su gan ni da kular a ka. Yau ga ni a Turai, a shagon da mutane ke bin layi, tsofaffi cikin shiga ta mutunci suna zaune suna tsoma burodi a cikin abin da nake jin nauyin ɗauka.

Nasu ya bambanta da namu. Ba sa zuba dabino, ba kwakwa, ba citta, ba kanumfari. Aya ce da ruwa da sukari kawai, shi ya sa ƙamshin ayar yake fitowa sosai, har da ɗan ƙamshin ƙasa a ƙarshe. Bai kai na Inna kauri ba. Ana shan sa tsurarsa, ko wanda ya daskare ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, ko a haɗa biyun. Burodin kuwa sunansa fartons, dogo ne mara nauyi, an yi shi ne musamman don ya shiga kofi ya sha kunun. Kafin mu taɓa shi sai da Malam ya tambaya ko da kitsen alade aka kwaɓa, domin a can kayan fulawa da yawa da shi ake yi, aka ce a'a, da mai ne. Wannan tambayar ita ce abokiyar tafiyarmu har muka bar garin. Na haddace kalmomi uku: cerdo alade, manteca kitsensa, jamón kuma cinyarsa da ake busarwa da gishiri, wadda takan ɓuya a cikin abincin da ba ka zata ba, ko wake ne ko ƙwai.

Daren farko mun yi kuskure. Rana ba ta faɗuwa a can a wannan lokacin sai bayan ƙarfe tara, muka tsaya muka yi magariba, muka fito yunwa ta ci mu, muka faɗa wani wuri a bakin dandali inda aka kafa hoton shinkafa a ƙofa. Aka kawo mana wata rawaya shar, ta yi laushi kamar an ɗumama ta sau biyu, kifin cikinta ba ɗanɗano. Da muka koma masauki dattijuwar da ke karɓar baƙi ta tambaye mu abin da muka ci. Da ta ji sai ta dafe ƙirji. Ta ce babu ɗan asalin garin nan da ke cin paella, wato irin wannan shinkafar, da daddare, abincin rana ne, kuma duk inda aka kawo maka ita cikin minti goma to ba don kai aka dafa ta ba. Ta ɗauki takarda ta rubuta mana sunan wani ƙauye, El Palmar, da lambar bas ɗin da ke zuwa can, ta ƙara da cewa gobe Alhamis, kada mu bar gari sai mun tsaya a ƙofar babban coci da sha biyun rana.

Da safe muka fara da babbar kasuwa. An buɗe ginin a 1928, ƙarfe ne da gilashi da tayil, da ƙubba a tsakiya wadda hasken rana ke zubowa ta cikinta, wanda bai sani ba zai ɗauka wurin ibada ne. Ciki kuwa rumfuna ne ɗaruruwa. Ɓangaren nama na bi shi da sauri, don cinyoyin alade ne rataye jere-jere har da kofatonsu. Wajen kayan lambu na daɗe. Tumatir iri-iri, wani ya kai dunƙulen hannu biyu. Wake fari mai faɗi kamar babban yatsa da suke kira garrofó. Tattasai busasshe an shirya shi a zare. Za'afaran ana auna shi a ɗan mitsitsin sikeli kamar na masu zinariya. Ga buhunan aya a buɗe, kowanne da tambari mai shaida cewa a gonakin Balensiya aka noma ta. Na ɗauki ƙwaya biyu da izinin mai rumfar na tauna. A ɓangaren kifi na ga wani mai siffar maciji yana yawo da ransa a cikin ruwa, ana zaɓa a yanka wa mai saye nan take.

Wajen goma da rabi muka ga 'yan kasuwa da ma'aikata suna cika wuraren cin abinci, ashe suna da wata kalaci tsakanin karin kumallo da abincin rana wadda ba sa wasa da ita. Muka zauna mu ma. Tun kafin ka ce komai za a ajiye maka gyaɗa da ɓawonta da 'ya'yan zaitun. Muka ci wainar ƙwai da dankalin Turawa, mai kauri kamar kek, a cikin burodi, da wani haɗi mai suna esgarraet: jan tattasai gasasshe an yayyaga shi, da kifi mai gishiri, da tafarnuwa, an malale su da man zaitun. Wannan na sa a raina zan gwada a gida da busasshen kifinmu.

Sha biyu saura kwata muna tsaye a Ƙofar Manzanni ta babban cocin, wanda aka fara ginawa a 1262 a wurin da babban masallacin garin yake a da. An kewaye wani ɗan fili da shingen ƙarfe, an jera kujerun fata guda takwas, kowacce da suna a jikinta. Da ƙararrawar hasumiya ta buga sha biyu sai ga wasu dattawa sun fito a jere cikin baƙaƙen riguna irin na manoma, gabansu wani mai riƙe da sanda mai ƙugiyar tagulla. Suka zauna. Wannan ita ce Kotun Ruwa, wadda ke zama kowace Alhamis don raba gardamar manoman da ke shayar da gonakinsu daga kogin Turiya ta manyan magudanai takwas. Alƙalan ba lauyoyi ba ne. Kowace magudana manomanta ne ke zaɓar ɗaya daga cikinsu, kuma sai wanda yake da gona a wurin yana noma ta da hannunsa. Da baki ake shari'ar, a harshen mutanen yankin, a yanke hukunci nan take, babu ɗaukaka ƙara. Idan ƙarar ta shafi magudanar wani alƙali, shi ba ya sa baki a hukuncin. Dokar ƙasar ta amince da kotun, kuma a 2009 hukumar UNESCO ta sa ta cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Mutanen garin suna danganta asalinta da zamanin mulkin Musulmi, sama da shekara dubu da suka wuce, har suna cewa shi ya sa take zama Alhamis, jajiberin Juma'a.

Mai sandan ya ɗaga murya ya kira sunan magudana ta farko, yana tambayar ko akwai wanda aka yi ƙara daga can. Shiru. Ya sake kira. Shiru. Ya wuce ta gaba. Haka ya bi su har takwas, ba wanda ya fito, dattawan suka miƙe suka koma inda suka fito. Duka-duka bai kai minti biyar ba. Wasu baƙi a bayanmu suka yi gunaguni, su ga dukkan alamu rigima suka zo kallo. Ni kuwa jikina ne ya yi sanyi. Kawuna yana noman rani a ƙasan madatsar ruwan Jibiya, na san abin da rabon ruwa yake jawowa: wani ya tashi tsakar dare ya toshe hanyar maƙwabcinsa ya juya ruwan gonarsa, gari ya waye da zage-zage, wani lokaci har da fartanya a sama, zumuncin shekaru ya lalace a kan kwana ɗaya na ban-ruwa. Ga mutane takwas sun bar gonakinsu, sun sa riga, sun zo sun zauna a bainar jama'a don kawai a san cewa ƙofar tana buɗe, ko da mai ƙara ko babu. Ina ganin wannan zaman na kowane mako shi ne ya sa ƙarar ta yi ƙaranci. Wanda ya san ranar Alhamis za a kira sunansa a gaban gari, zai yi tunani kafin ya taɓa ruwan wani.

Malam ya raɗa mini cewa mai sandan nan sunan muƙaminsa alguacil, daga kalmar Larabci da mu muka mayar waziri, kamar yadda suke kiran shugaban gari alcalde, wato alƙali. Magudanar ma acequia suke ce mata, daga Larabci. Musulmi sun riƙe garin, suna kiransa Balansiya, fiye da shekara ɗari biyar, har Sarki Jaime na Ɗaya ya karɓe shi a 1238. Waɗanda suka rage aka tilasta musu barin addininsu daga baya, sannan a 1609 aka kore su gaba ɗaya, aka loda su a jiragen ruwa zuwa Arewacin Afirka. Mutanen sun tafi, amma hanyoyin ruwansu suna nan suna aiki, da shinkafar da suka kawo, da kalmominsu a bakin waɗanda suka gaje su.

Daga nan muka hau bas zuwa El Palmar. Da aka fita gari ta kudu, aka wuce wani kurmi a bakin teku, sai ƙasa ta buɗe: gonakin shinkafa ne iya ganinka, an cika su da ruwa, shukar ba ta daɗe da tsirowa ba, sama tana kwance a cikinsu kamar madubi, balbelu suna takawa a hankali. A tsakiyarsu tafkin Albufera yake, shi ma sunan Larabci ne, ma'anarsa ƙaramin teku. A nan aka haifi paella. Abincin manoma ne da suke dafawa a bakin gona da abin da hannu ya kai gare shi.

Ta asalin, wadda suke alfahari da ita, da kaza da zomo ake yin ta, da koren wake da farin waken nan mai faɗi, wasu su ƙara dodon koɗi. Ita na so ci, amma ba mu san yankan ba, don haka muka zaɓi ta kifi, wadda suke kira shinkafar ɗan gata saboda an ɓare komai na cikinta, jatan lande da sauran kayan teku, ba sai ka sa hannu ba. Malam ya tambaya ko akwai giya ko alade a romon, mai hidimar ya shiga ciki ya tambayo, ya dawo ya ce romon kifi ne zalla. Ya ce za mu jira kamar minti arba'in. Da ya ga ina leƙen madafa sai ya yi magana da mai girkin, aka ce in shigo.

Murhu ne dogo, wutar itace tana ci, kaskuna a jere. Paella ma asali sunan kaskon ne, faffaɗa, mara zurfi, mai hannu biyu. Mai girkin ya nuna mini itacen ya ce na bishiyar lemo ne. Shinkafarsu gajera ce mai ƙiba, ta fi kama da 'yar gida da ake nomawa a fadamunmu fiye da doguwar 'yar waje, kuma an fi son ta ne don tana shan romo. Yana zuba ta ya baje ta siririya, kaurinta bai wuce yatsa ba, daga nan ludayi bai ƙara shiga ba. Hannuna har ƙaiƙayi yake, don mu a dafa-duka sai an juya an rufe. Shi ba murfi, ba juyi, wuta kawai yake ja yana turawa. Da ruwan ya tsotse sai ya ƙara wutar, ya karkata kunne wajen kaskon yana sauraro. Na ji shinkafar tana ƙara ƙas-ƙas. Na ce a raina wannan ai kamawa take yi. Ya dube ni ya ɗaga yatsa ya ce, "Socarrat."

Ƙanzo ne. Ƙanzo suke nema da gangan, har sun ba shi suna, kuma da shi ake gane gwanin mai girki. Ba baƙi mai ɗaci ba, ja-ja mai ƙamshi wanda ya sha mai da romo. Aka ajiye mana kaskon a tsakiyar tebur, aka ba mu cokula, aka nuna mana cewa a cikinsa ake ci, kowa ya fara daga gabansa ya nufi tsakiya, kada ya tsallaka gaban wani. Na ce da Malam wannan ladabin ai da shi aka raine mu a kan tire ɗaya. Muka ci muna kankarar gindin kaskon. A gidanmu ƙanzo rabon yara ne da mai wanke-wanke, ba a kai wa baƙo, ba a kai wa maigida. A nan shi ne loma mafi daraja, kuma Malam da ya kankaro babba sai ya turo mini gabana bai ce komai ba. Shekara da shekaru ina zuba masa saman tukunya.

Da la'asar sakaliya muka shiga kwalekwale. Tafkin ba zurfi, matuƙin ya ce yawancinsa bai fi mita ɗaya ba. Ya bi da mu ta cikin dogayen ciyayi, ya nuna mana tsofaffin bukkoki masu rufin ciyawa. Sai hira ta kai ga ambaliyar ranar 29 ga Oktoban 2024, wadda ta kashe mutum fiye da 220 a lardin, mafi yawansu a garuruwan kudu da birnin irin su Paiporta da Catarroja. Ya ce duk abin da ruwan ya kwaso, laka da shara da tarkacen gidajen mutane, nan ya zubo da shi, sun yi watanni suna kwasa. Muryarsa ta canja, ya yi shiru yana kallon ruwa. Na tuna Maiduguri, da ruwan Alau ya shiga mata mako bakwai kafin tasu. Malam ya yi masa ta'aziyya da iya kalmomin da yake da su. Muka zauna har rana ta yi ja ta sauka cikin tafkin.

Juma'a da safe muka shiga Lonja, tsohuwar kasuwar siliki da ke fuskantar babbar kasuwa, wadda aka fara ginawa a 1482. Zauren cinikin yana da ginshiƙai murɗaɗɗu kamar igiya, suna tashi sama su baje kamar bishiyar dabino. A saman bangon an zagaye da rubutun Latin, mai yi mana bayani ta ce nasiha ce ga fatake: cinikin da ba yaudara a bakinsa, wanda ya yi alkawari bai saɓa ba, bai ba da kuɗinsa da ruwa ba, mai yin haka zai wadata a duniya ya kuma samu lahira. A hasumiyar ginin kuma akan tsare ɗan kasuwar da ya ci bashi ya ƙi biya. Malam, da yake gidansu 'yan Kantin Kwari ne, ya sa aka maimaita masa fassarar ya rubuta ya tura wa yayansa.

Muka bi ta unguwar Carmen, inda guntayen ganuwar zamanin Musulmi suke maƙale a tsakanin gidaje, wani wuri sai an nuna maka za ka gane. Malam ya tafi masallaci, na koma masauki na huta. Ya dawo yana ba ni labarin sahun da ya tsaya, 'yan Maroko da Aljeriya da Senegal da Pakistan, huɗuba da Larabci da Sifaniyanci. Bai bar ni na ƙara hutawa ba, wai sai mun je Mestalla, filin ƙungiyar ƙwallon garin. Ni ba ruwana da ƙwallo, amma na raka shi, ya tsaya a gaban filin da aka buɗe tun 1923 yana lissafa mini kofunan gasar ƙasar da suka ci a 2002 da 2004, da cewa a kakar 2024/25 ɗin da ake ciki lokacin ɗan Kaduna, Umar Sadiq, yana buga musu a matsayin aro. Abin da ya burge ni daban ne. Sunan na taɓa jin sa jiya a bakin mai sanda: Mestalla ɗaya ce daga cikin magudanan ruwa takwas ɗin nan, daga ita filin ya samo suna.

Daga can muka gangara cikin kogin Turiya, da ƙafa, domin babu ruwa a cikinsa. A Oktoban 1957 ya yi ambaliya ya kashe mutane da dama, sai aka haƙa masa sabuwar hanya ta kudu da birnin. Hukuma ta so ta shimfiɗa babban titi a tsohuwar hanyar, mutanen gari suka ƙi, suka ce lambu suke so. Yanzu lambu ne mai tsawon kusan kilomita tara, tsofaffin gadoji suna wucewa ta samansa, yara na wasa, tsofaffi na zaune, masu keke na wucewa. Sabuwar hanyar ce ta kare tsakiyar birnin a 2024. A ƙarshen lambun akwai fararen gine-ginen zamani na Santiago Calatrava, ɗan garin, wani kamar ido, wani kamar ƙashin kifi. Sun yi kyau a hoto, mun ɗauka, mun wuce. Ƙafata ta gaji, kuma zuciyata ba ta wurinsu.

A daren ne wani yaro mai hidima ya yi mana abin da ba zan manta ba. Na ga an rubuta Agua de Valencia a takardar abin sha, Malam ya ce ma'anarsa ruwan Balensiya, muka ga ana kai wa wasu a tulu, kalar lemo, muka ce a kawo. Yaron ya dubi mayafina, ya ɗan yi jim, ya ce ruwan lemo ne amma an haɗa shi da giya har kala uku. Ya kawo mana lemo matsattse a maimakonsa. Da ya yi shiru ya kawo, ba wanda zai ce ya yi laifi. Duk mai zuwa garin nan ya riƙe sunan, kada ya ruɗe shi. Muka ci soyayyen dankali da miyar yaji, da taliyarsu da ake dafawa a kaskon paella da romon kifi, muka taka zuwa masauki ta ƙarƙashin bishiyoyin lemo da ke bakin titi, waɗanda aka ce mana 'ya'yansu ɗaci ne da su, ado ne kawai.

Asabar jirginmu sai yamma, na ce da Malam ni fa sai na ga gonar. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Alboraya, 'yan tashoshi kaɗan arewa da birnin. Kana fita daga cikin gidaje sai gonaki, ba wani daji a tsakani. Ga ta nan, kunya-kunya a miƙe kamar an ja da zare, ganyen ya fito siriri kore, ƙasar mai yashi-yashi, ruwa yana bi ta 'yar magudana a gefen hanya. Ko daga nesa na gane ta. Wani dattijo da ke gyara bakin ruwansa ya tsaya ya saurare mu. Ya ce a watan Afrilu zuwa Mayu suke shukawa, su haƙe daga Nuwamba, a wanke, sannan a baje ta a ɗakuna masu iska wata da watanni ana juyawa har ta bushe ta yi zaƙi. Malam ya gaya masa daga inda muke. Ya gyaɗa kai ya ce ya san ayar Afirka, ana shigo da ita da yawa daga Nijar da maƙwabtanta domin tasu ba ta isar masu buƙata, shi ya sa suka yi wa tasu tambari don a bambance.

Wannan maganar ta tsaya mini. Ina yarinya ina ganin motocin aya suna shigowa Jibiya daga Maraɗi, ana cewa ta Cadawa ce, buhu kan buhu. Ban taɓa tunanin akwai wadda ke tsallaka teku ba. Manomin da ya duƙa ya haƙe ta, da matan da suka sheƙe ta suka tsince tsakuwa, ba wanda ya san sunan garinsu a inda ake shan ta, buhunsu ba tambari, kuma a farashin da aka ga dama ake saye a hannunsu. Wannan dattijon kuwa yana tsaye a gonarsa yana faɗin sunan ƙauyensa da ƙarfi, doka tana bayansa. Ayar ɗaya ce. Na tauna tasu na tauna tamu tun ina da haƙoran madara, ba wanda zai ce mini tamu ta gaza.

Na ce Malam ya kira mini Inna ta bidiyo. Sai da aka yi ta nema kafin jikanta ya kai mata wayar. Na gaishe ta, na juya wayar na nuna mata gonar ban ce komai ba. Ta matso da fuskarta, ta ƙura ido.

"Ke, wannan ba aya ba ce?"

"Ita ce, Inna. A ƙasar Turawa. Kunun ma suna yi, shaguna guda na musamman, har layi ake bi."

Ta yi salati. Ta sa na matsar da wayar kusa da ƙasa ta ga kunyar, ta yaba da yadda aka tsare ta ba ciyawa ko ɗaya, ta ce a gaishe da mai gonar, a ce masa sannu da aiki. Malam ya fassara, dattijon ya cire hularsa ya ɗaga wa wayar. Sannan ta tambayi abin da suke zubawa a kunun. Na ce sukari kawai.

"Ba dabino?"

"Babu, Inna."

"To ki taho mini da tasu ko rabin mudu ce, in jiƙa in yi musu irin namu in ji."

Muka koma wani shago a bakin hanya na sayi kilo biyu mai tambarin, da kwalbar kunun guda don hanya. Matar ta ja mini kunne cewa ɗanye ne, ba a sa masa komai ba, in bai sha sanyi ba kafin dare zai juya. Na ce mata na sani.